Abdu Mumuni Joffo, Mai Sunan da ke Ƙofar Jami'ar Yamai

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak a kudancin Damagaram, ɗan Kwaya ne ko ɗan Dungas ko ɗan cikin garin Magarya, idan ya ƙudura ganin jami'ar Yamai da idonsa kafin ya ajiye takardunsa, tafiyar yini guda cur ke gabansa. Sai ya fito Damagaram tukuna, ya kama babbar hanyar yamma, ya ratsa Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogondutsi da Doso, kilomita wajen 900, kafin ya shiga Yamai. Can ma bai isa ba sai ya haye kogi ta gadar Kennedy ya sauka Harobanda, inda tsangayoyi da ɗakunan kwanan ɗalibai suke. Abu na farko da zai karanta a wurin shi ne sunan da aka raɗa wa jami'ar, wato Abdou Moumouni, kamar yadda ake rubuta shi da Faransanci. Da yawa daga masu wannan ziyara sun san sunan tun suna firamare, amma kaɗan ne suka san cewa tun da hantsi motarsu ta wuce garin da aka haifi mai shi. Kaɗan ne kuma suka san cewa wannan masanin kimiyyar fizik ya bar wani littafi da ya shafi masu nazarin harshe fiye da yadda ya shafi abokan sana'arsa.

An haifi Abdu Mumuni Joffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929, cikin zuriyar gidan sarautar Zabarmawa na Kirtashi. A lokacin shekara uku ke nan da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasar daga Damagaram suka mayar Yamai. Ya fara karatun boko a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. Ɗan gidan Zabarmawa da aka haifa a garin Hausawa ya buɗe ido ne cikin harsuna biyu manya na ƙasarsa, sai dai makarantar da aka sa shi ba ta san da zaman ko ɗaya daga cikinsu ba. Dokar da gwamna-janar na Afirka ta Yamma ta Faransa ya kafa a 1924 ta ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a aji, taron Barazabil na 1944 kuma ya ƙara jaddada haka. A makarantu da dama akwai abin da ake kira sambol, wani ɗan ƙashi ko itace ko gwangwani da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu. Shi ma sai ya zuba kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a wuyansa ya sha horo. Hikimar muguntar ita ce malami ba ya bukatar sa ido, yaran ne ke gadin bakin junansu.

A daidai waɗannan shekaru, ƙetaren iyakar da ke kudu da Magarya, al'amarin ya sha bamban. An kafa hukumar fassara da talifi a Arewacin Nijeriya, an yi gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a 1939. Ba don Ingilishi sun fi Faransawa son talaka ba ne. Kowane mai mulkin mallaka da irin lissafinsa. Amma sakamakon a fili yake: ƴan'uwa biyu masu harshe ɗaya, ɗaya a Daura ɗaya a Magarya, na farko yana iya karanta jarida da harshensa, na biyu kuwa in ya shiga lakwal sai ya ajiye harshen a bakin ƙofa tare da takalmansa. Ita kanta kalmar lakwal shaida ce ta yadda Hausawan Nijar suka gamu da Faransanci, da kunne ba da ido ba, har suka haɗiye ɗan harafin da ke gaban kalmar suka mai da shi ɓangaren suna, kamar yadda suka yi wa lokotoro. Malamin makaranta kuma ya zama mushe, kalmar da karin sauti da tsawon wasali ne kawai suka raba ta da mushen dabba.

A 1944 Abdu Mumuni ya shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotan kusa da Dakar. Wannan makaranta ita ce ƙololuwar abin da ɗan ƙasa zai iya kaiwa a wancan zamani. Ta horar da malamai da akawuna da masu shirin zama mataimakan likita, kuma daga cikinta ne Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari da Modibo Keita suka fito. Babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa: cibiyar manyan karatu ta Dakar sai a 1950 aka buɗe ta, ba ta zama jami'a ba sai 1957. Saboda haka abin da ɗan Kwaya ke yi yau, ya hau mota ya je ya duba aji da ɗakin karatu da wurin kwana, ya tambayi na gaba da shi, sannan ya zaɓa tsakanin Yamai da Damagaram da Maraɗi, abu ne da ɗalibin 1944 bai ko yi mafarkinsa ba. Shi ba ya ziyartar makaranta kafin ya shige ta. Jarrabawa ke tace shi, takardar gwamna ta tura shi, ya ga wurin ranar da ya isa da akwatinsa.

Sauye-sauyen da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu sun ɗan buɗe ƙofar da ke sama da Ponty. Abdu Mumuni ya bi ta nan: ya wuce makarantar lise ta Van Vollenhoven a Dakar ya sami bak, daga nan ya tafi Paris, ya shiga azuzuwan share fage na lise Saint-Louis, wadda ke fuskantar dandalin Sorbon. Ya sami lisans a kimiyyar fizik a 1953, sannan a 1956 ya ci gasar agiregasiyo. Wanda bai san tsarin Faransa ba yana iya ɗaukar ta wani digiri ne cikin digirori, alhali gasa ce mai ƙidayayyun guraba, wadda ake yi a rubuce da baka, ɗan takara ya tsaya gaban alƙalai ya koyar da darasi, ya gudanar da gwaji da hannunsa. Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a fannin fizik. A wannan shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu ya ci tasa a fannin tarihi.

Da ya so, da ya zauna a Faransa ya ci moriyar takardarsa. Amma tun yana ɗalibi yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar Afirka a Faransa, FEANF, a 1950, yana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a 1957, wadda ta fito fili ta nemi cikakken ƴancin kai tun lokacin da yawancin shugabannin Afirka ke neman gyaran zama da Faransa kawai. Ya koma Dakar yana koyarwa a lise ɗin da ya yi karatu. Da Gini ta ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta don ƙasar ta durƙushe, sai Abdu Mumuni ya shiga ayarin malaman Afirka da suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri don cike gurbin. Ki-Zerbo ma yana cikinsu. Bayan haka ya dawo Yamai ya koyar na ɗan lokaci, a shekarun da aka haramta jam'iyyar Sawaba, ƙasar ta koma hannun jam'iyya ɗaya. A farkon shekarun 1960 yana Tarayyar Sobiyet yana zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana.

A 1964 ne littafinsa L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka, ya fito a maɗaba'ar Maspero da ke Paris. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, maɗaba'ar Présence Africaine kuma ta sake buga shi a 1998. Nan ne ya kamata mai nazarin harshe ya dakata.

Littafin ya fara da abin da masu mulkin mallaka suka ce babu shi, wato tarbiyya da ilimin Afirka kafin zuwansu. Abdu Mumuni ya nuna cewa tsari ne mai ƙa'ida: al'umma gaba ɗaya ke ɗauke da nauyinsa, ba a raba shi da rayuwar yau da kullum ba, yana haɗa horon jiki da na ɗabi'a da na hankali da koyon sana'a, kuma yana tafiya mataki-mataki gwargwadon shekarun yaro. Duk wanda ya tashi a ƙauye irin na Kwaya zai gane hoton: tatsuniya da kacici-kacici da dare, bin uba gona, zaman maƙera ko masaƙa, karin maganar da tsohuwa ke jefa wa yaro ya kwana yana juya ta. Bai ce a koma can ba, domin ya ga iyakar ilimin da ba a rubuta shi, ya kuma san duniya ta sauya. Abin da ya ciro shi ne cewa wancan ilimi ya yi tasiri ne saboda yana magana da yaro cikin harshen da yaro ke tunani da shi, a kan abubuwan da ke kewaye da shi.

Daga nan ya juya ga makarantar mulkin mallaka, ya bi dokokinta da manhajojinta da alƙalumanta, ya nuna cewa ba a gina ta don ilmantar da jama'a ba, an gina ta ne don samar da ƴan tsirarun mataimaka, tafinta da akawu da malamin firamare. Nijar misali ce mai zafi, domin a 1960 yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba. Abin da ya fi ƙarfin zuciya a littafin kuwa shi ne sukar da ya yi wa sababbin gwamnatocin Afirka, shekara huɗu kacal bayan samun ƴanci, cewa sun gaji wannan makaranta sun riƙe ta yadda take, da manhajarta da jarrabawarta da harshenta, sun sauya tuta kawai.

Maganarsa a kan harshe ba ta kishi ba ce kawai, maganar mai auna riba da asara ce. Yaron da aka fara koya wa karatu da harshen da bai taɓa ji ba ana ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya: ya gane cewa zane a kan allo yana wakiltar sauti, ya kuma haddace sautukan da ba su da ma'ana a kunnensa. Da yawa sukan maimaita aji, da yawa su fice, kuɗin da ƙasa matalauciya ta zuba ya bi ruwa. Wanda ya tsallake kuma yakan fito da ilimin da ba zai iya bayyana wa mahaifinsa ba, sai rata ta buɗe tsakanin masu boko da sauran jama'a. Don haka ya nemi a mai da harsunan Afirka harsunan koyarwa, a yaƙi jahilcin manya da su, a tsara musu rubutu da littattafai, harshen waje ya zauna a matsayin darasi da ƙofar hulɗa da duniya. Ya kuma haɗa wannan da neman ilimin fasaha mai alaƙa da aikin noma da masana'antu.

Nauyin wannan magana ya zo ne daga bakin da ta fito. Hujjar da aka saba kawowa a lokacin ita ce harsunan Afirka sun dace da tatsuniya da waƙa, amma ba za su ɗauki kimiyya ba. Da marubucin waƙoƙi ne ya musa, da an ce son zuciya ne. Sai ga shi wanda ya musa mutum ne da ya ci gasar fizik ta Faransa da harshen Faransawa, wanda ba a isa a ce ya tsani Faransanci don ya kasa shi ba. Hausa ma ta gaskata shi ba tare da ta jira izinin kowa ba. Makamashi asalinsa itace ne ko kara da ake hura wuta da shi, yau ya ɗauki ma'anar ƙarfin da ke cikin man fetur da lantarki da hasken rana. Madubi, wanda aka gina daga duba da ɗafa-goshin ma-, ya isa ya ambaci lanƙwasasshen ƙarfen da ke tattara hasken rana wuri guda, wanda a kansa ne Abdu Mumuni ya rubuta kundin digirinsa na dakta a Paris a 1967. Harshe ba ya rasa kalma don gazawar ƙirarsa. Yana rasa ta ne idan ba a taɓa sa shi aikin ba.

Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, yana koyarwa a babbar makarantar horon malamai, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A wannan birni ne, daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, hukumar UNESCO ta tara masana don daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci da Buzanci da harsunan Mande. Wato aikin da littafin ya ce a yi, masu ilimin harshe sun soma shi shekara biyu bayan fitowarsa.

A 1969 ya dawo gida ya karɓi shugabancin ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da na busar da amfanin gona da hasken rana, a zamanin da yawancin duniya ke kallon wannan fanni kamar wasan masu bincike. Fari na farkon shekarun 1970 da tashin farashin man fetur na 1973 sun nuna cewa ya hango nesa. A 1971 aka buɗe cibiyar manyan karatu ta Yamai, ta zama jami'a a 1973. Ya koyar da fizik a cikinta, ya kuma shugabance ta daga 1979 zuwa 1982, bayan masanin lissafi Bubakar Ba.

A nan ne adalci ya wajabta a faɗi abin da bai yi daɗin ji ba. Jami'ar da ya shugabanta da Faransanci ta koyar a zamaninsa, da shi kuma ta ci gaba bayansa. Littafin kansa da Faransanci aka rubuta shi, ko da yake wannan ba abin zargi ba ne, tunda da masu yanke hukunci yake magana, su kuwa wannan harshe suke karantawa. Inda za a iya ja da shi shi ne yawan amincewarsa da cewa kyakkyawan tsari da ƙudurin gwamnati sun isa su warware matsalar. Abin da ya biyo baya ya nuna ƙullin ya fi haka tauri. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo sannu a hankali, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Amma sunan gwaji ya liƙe musu shekaru da dama, ba su zama makarantar kowa ba. Akwai ƙarancin littattafai da na malaman da suka iya rubuta harshensu. Akwai tambayar wane harshe za a zaɓa a ajin da ya tara yara masu harsuna uku, kamar yadda ake samu a Yamai. Akwai kuma uban da ke cewa ɗansa ya riga ya iya Hausa, Faransanci ya turo shi ya koya, domin da shi ake samun aikin albashi. Wannan uba ba jahili ba ne, ya karanta kasuwar da ke gabansa daidai. Ko rubutun ma bai daidaita ba tsakanin ƙasashen biyu. An yi taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a Yamai a Janairun 1980, lokacin Abdu Mumuni na shugaban jami'a, amma har yau ɗan Magarya yana rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, ɗan Daura yana rubuta ta da ɗan waƙafi a gaban harafin.

Duk da haka dokokin ƙasa sun yi ta matsowa kusa da abin da ya faɗa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa tare da Faransanci, an kafa ƙa'idojin rubutunsu a hukumance a 1999, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tsakanin doka da allon aji akwai ƙamus da nahawu da littafin lissafi na aji uku da horon malami, ayyukan da babu mai yin su sai waɗanda suka karanci kimiyyar harshe.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da girgizar da ta kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy, gadar da mai ziyara ke hayewa zuwa jami'a, aka kashe uku. Abdu Mumuni ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, wata uku da ƴan makonni kafin buɗe babban taron ƙasa na 29 ga Yuli. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Wanda ya jagoranci wancan taro, masanin tarihi André Salifou ɗan Damagaram, shi ne yanzu jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, kuma ita ce ta fi kusa da ɗalibin Kwaya, tafiyar ƴan sa'o'i daga gida, a garin da Abdu Mumuni ya fara zama a bencin lakwal.